Baba ya sayar da fadama don in zama lauya, ni kuma kotu ta fita raina

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 29 daga wani ƙauye a ƙasar Argungu. Na karanta lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi Makarantar Koyon Aikin Lauya a Bagauda, yau shekara biyu ke nan ina aiki a ofishin wani babban lauya a Birnin Kebbi. Kafin in kai nan sai da mahaifina ya sayar da rabin fadamarsa da shanun huɗarsa biyu. Abin da ake ba ni ba ya kai ni ƙarshen wata, wani watan ma sai a ce in yi haƙuri. Gaskiyar magana kuma, ko da kuɗin na isata, tsayuwa gaban alƙali ba ta yi mini daɗi, har yau gabana faɗuwa yake in an kira ƙara. Abin da nake jin daɗinsa shi ne in zauna in rubuta yarjejeniya ko in binciki takardun fili. Yanzu wani kamfanin casar shinkafa ya yi mini tayin zama lauyansu da albashi mai kyau. Ƙanin mahaifiyata kuma yana so in zo mu haɗa hannu muna sayen shanshera muna kai wa kamfanoni. Da na taɓa wa Baba zancen sai ya ce: "Ban sai da hwadamata don ka komo ga awon shinkahwa ba. Su Malami da su Turaki ba 'yan Kabi na ba? Da mi sunka hi ka?" Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Malam, in bi raina in saɓa wa mahaifi, ko in zauna inda nake ina ƙunar zuci?

Barista, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Barista. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ya ja kwanansa ya ci moriyar wahalarsa. Manomin da zai tsaga fadamarsa biyu, ya kora shanun huɗarsa kasuwa saboda karatun ɗa, ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ina so ka karanta duk abin da zan faɗa da sanin cewa ina ganin girmansa ƙwarai.

Ga inda na tsaya, ɗana. Ka karɓi aikin kamfanin, ka ba kawunka haƙuri, kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ka je gida ka durƙusa gaban Baba kun fahimci juna. Abin da ya sa na ce haka shi ne wata magana da ka yi a tsakiyar wasiƙarka, cewa ko da kuɗin na isarka, tsayuwa gaban alƙali ba ta yi maka daɗi. Da yunwa kaɗai ce ke korarka, da sai in ce ka canza ofis: ka nemi aikin lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a, ko Hukumar Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, ko ka tsallaka Sakkwato inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ke zama. Amma kai ka faɗi abin da ranka ke so, kuma abin da ranka ke so aikin lauya ne cikakke.

Sai dai akwai abin da nake so ka tabbatar tukuna. Na san yadda ranar ƙaramin lauya take. Ƙarfe tara ka isa kotu cikin baƙar kwat a zafin Birnin Kebbi, fayil uku a hammata, ka zauna a bencin baya domin manya ake fara kira. Sai rana ta take a zo kanka, ka miƙe ka ce maigidanka yana wata kotu, kana roƙon a ɗage. Alƙali ya duba littafi ya ba da wata rana. Ka hau kabu-kabu da kuɗin aljihunka ka koma ofis. Idan irin wannan ce kaɗai kotun da ka sani cikin shekara biyu, to ba ka ɗanɗana ta ba tukuna. Ka roƙi maigidanka ya sakar maka shari'a ɗaya, ko a kotun majistare ce, ka yi wa shaida tambayoyi da bakinka, ka rubuta jawabin ƙarshe da hannunka. In ka yi haka kuma har yanzu ranka bai kwanta ba, ka fita da zuciya ɗaya. In kuwa ka riga ka yi, magana ta ƙare.

Yanzu mu zo kan mutanen da Baba ya kira, domin tambayarsa ta cancanci amsa ta gaskiya, ba ta kawar da kai ba.

Abubakar Malami ya gama karatun lauya a jami'ar da ka gama a 1991, aka rantsar da shi lauya a 1992. A shekarar nan, daga jami'ar nan, Aminu Waziri Tambuwal ma ya fito, kuma shi ma a 1992 aka rantsar da shi. Malami ya yi majistare a Kebbi, ya koma zaman kansa, ya samu lambar SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, a 2008, ya riƙe Ministan Shari'a daga 2015 zuwa 2023. Tambuwal kuwa siyasa ce ta ɗauke shi: Majalisar Wakilai a 2003, Kakakinta daga 2011 zuwa 2015, gwamnan Sakkwato shekara takwas, sannan Majalisar Dattawa. Malamansu ɗaya, jarrabawarsu ɗaya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Tambuwal ya ɓata karatunsa don ba a ganinsa da hular gashi ba. Kabiru Tanimu Turaki, ɗan Birnin Kebbi, a kotu ya yi suna har ya kai SAN, amma aikin da yawancin mutanen Arewa suka san shi da shi shi ne Ministan Ayyuka na Musamman a zamanin Jonathan, da shugabancin kwamitin neman sulhu kan rikicin Boko Haram a 2013.

Wanda ya fi dacewa da hoton da ke zuciyar Baba ma bai ambace shi ba. Yakubu Chonoko Maikyau, ɗan ƙasar Zuru, ya shugabanci Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya daga 2022 zuwa 2024, kuma shi kam kotu ya riƙe tun da aka rantsar da shi a 1990. To amma ka dubi tsawon tafiyar. Ya yi fiye da shekara goma a ƙarƙashin wani lauya a Sakkwato kafin ya buɗe ofishin kansa, lambar SAN kuma ba ta zo ba sai 2011, shekara 21 bayan rantsuwa. Ba mai jure wannan sai wanda yake son abin har cikin ɓargonsa, wanda in an kira ƙararsa jininsa ke tashi don murna. Wanda ya bi hanyar nan don kawai kada a yi da shi a gari, shekarun za su wuce, ya tsufa yana roƙon a ɗage.

Ka leƙa maƙwabtanmu na Zamfara. Marigayi Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, ɗan sanda ne tun kafin ya karanta lauya a Jami'ar Legas. Da aka rantsar da shi a 1974 sai ya ci gaba da hidimar gwamnati, har ya shugabanci hukumar leƙen asiri ta ƙasa, NSO, daga 1979 zuwa 1983, daga baya ya shiga siyasa ya tsaya mataimakin Olu Falae a zaɓen shugaban ƙasa na 1999. Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya kai Babban Jojin Babbar Kotun Abuja, a 2013 ya ajiye hular gashi ya naɗa rawanin sarautar Gummi. Daga wajen Zamfara kuma, Nuhu Ribadu ya gama a ABU Zariya, aka rantsar da shi a 1984, ya tafi ya sa kakin ɗan sanda, kuma ilimin shari'ar da ya shiga da shi yana cikin abin da ya kai shi kujerar shugaban EFCC na farko a 2003.

Misalin da ya fi kusa da naka daga Kudu yake. Aigboje Aig-Imoukhuede ya karanta lauya a Jami'ar Benin, aka rantsar da shi a 1987, ya shiga aikin banki ya koyi harkar ciki da bai, a 2002 shi da abokinsa Herbert Wigwe suka karɓi ragamar Access Bank lokacin yana ɗan ƙaramin banki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Makarantar Koyon Aikin Lauya da ta yaye waɗannan mutane ta buɗe ne da ɗalibai takwas a Titin Igbosere da ke Legas a 1963. Yau dubbai take fitarwa duk shekara daga Bwari, Legas, Bagauda, Yola, Enugu, Yenagoa da Fatakwal. Kotunan ƙasar nan ba za su iya ciyar da su duka ba, kuma makarantar ma ta san haka. Ka tuna darussa biyar da ka zauna wa jarrabawa a Bagauda: biyu ne kaɗai na ƙara a kotu, ɗaya na ɗa'ar aiki, sauran biyun na takardun dukiya ne da dokokin kamfani. Wato abin da kamfanin shinkafa ke kiranka ka yi, an koya maka shi a aji guda da aka koya maka neman beli.

Ban jero sunayen nan don in yi maka alkawarin minista ko rawani ba, kuma kowannensu yana da masu yabonsa da masu sukarsa, wannan ba hurumin shafin nan ba ne. A bayan kowane suna da ake ji a rediyo akwai ɗaruruwan abokan karatunsa da ba wanda ya san su sai iyalinsu da waɗanda suka yi wa aiki: rajistara a kotu, malami a kwaleji, lauya a sashen bashi na banki, mai ba ƙaramar hukuma shawara. Da yawansu sun rufa wa kansu asiri, sun aurar da 'ya'ya, sun kai iyaye Makka. Su ne ma'aunin da ya kamata ka auna kanka da shi. Abin da nake so ka ɗauka daga manyan kuwa shi ne, duk wanda ya bar kotu ya yi nisa a cikinsu, ya sunkuya ne ya koyi aikin inda ya shiga kamar bai taɓa sa rigar lauya ba. Shinkafi da Ribadu sun yi fareti kamar kowane ɗan sanda.

Ka kuma san abin da za ka bari a baya, don kada wata rana ka ce ba a faɗa maka ba. Tsarin mulki ya ce sai lauya ya yi shekara 10 da rantsuwa kafin ya zama alƙalin Babbar Kotu ko Antoni Janar na jiha, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Shekarun za su ci gaba da ƙirguwa ko kana kamfani. Amma ranar da ka nemi kujerar alƙali za a tambaye ka shari'o'in da ka yi, lambar SAN ta masu tsayuwa a kotu kuma sai ka kawo hukunce-hukuncen ƙararrakin da ka tsaya a kansu tun daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli. Waɗannan ƙofofi biyu za su yi maka nauyin buɗewa. In zuciyarka ba ta motsa ba da ka karanta wannan, to alama ce mai kyau.

Maganar kawunka gajera ce. Ƙa'ida ta 7 a kundin ɗa'ar aikin lauya, wadda ka haddace don jarrabawa, ta hana mutum ya haɗa aikin lauya da saye da sayar da kaya da kansa, ko dillanci. In ka shiga kasuwar shanshera da jikinka, to ka rataye rigar ke nan, kuma a nan tsoron Baba zai tabbata. Ƙa'idar ba ta hana ka mallakar hannun jari ba, don haka nan gaba in ka tara wani abu, kawu ya yi wa harkarsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kana iya zuba kuɗi ka bar masa gudanarwa. Amma ka yi hattara da abu ɗaya: muddin kawu yana kai kaya kamfanin da kake wa aiki, kada kuɗinka ya shiga harkarsa, kuma tun ranar farko ka sanar da shugabanninka cewa ɗan'uwan mahaifiyarka yana cikin masu kawo musu shinkafa. Ranar da rigimar sikeli ko ta biyan kuɗi ta tashi tsakaninsu, kai za a fara kallo.

Abin da ya fi damuna a al'amarinka ba ka ma tambaye ni shi ba. Kamfanin casa da manoma yake hulɗa, manoma irin Baba. Ka san yadda abin yake tafiya a fadamun Argungu da Suru da Bunza: a ba manomi iri da taki da injin ban-ruwa bashi, ya dangwala yatsa a takardar Turanci mai shafi biyar da ba a karanta masa ba, da kaka ya biya da buhunan shanshera. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 irin wannan hulɗa ta yawaita a jihar, kuma duk wanda ya zauna da manoma ya ji koke-koken ɓangarorin biyu: masu ba da bashi na cewa an karkatar da amfanin gona an sayar a wani wuri, manoma na cewa an kawo taki a makare, an zaftare musu nauyi da sunan danshi, an yanka farashi ba da su ba. Sai kuma shekara irin ta 2020, da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi ana dab da girbi, mutum ya wayi gari ba amfani, ga bashi.

Takardar da za a dangwala wa yatsa nan gaba, kai za ka rubuta ta. Kai za ka zaɓa ko za a faɗi abin da zai faru in ruwa ya ci gona, ko a yi shiru a bar manomi da Allah. Kai za ka sa a rubuta ranar da za a kawo taki, da yadda za a auna danshi a gaban mai kaya, da kasuwar da za a duba a tsayar da farashi. Kai ne za ka iya cewa a fassara ta da Hausa, a karanta wa mutane ita da babbar murya a ƙofar mai gari kafin kowa ya taɓa tawada. Wannan ba cin amanar kamfani ba ne, kuma ya kamata ka iya nuna wa masu kamfanin haka da lissafi: manomin da ya fahimci abin da ya sa wa hannu, ya kuma ga adalci a ciki, shi ne ke dawowa da buhunansa baɗi. Lauyan da aka ɗauko daga Legas zai iya tsara takardar da ba ta da ɓaraka ta fuskar doka, amma bai san wane wata ruwa ke sauko wa fadama ba. Kai ka sani, a ciki ka tashi.

Akwai kuma ranar da za ta zo, ina tabbatar maka, da manaja zai kira ka ya ce ka rubuta wa DPO takarda a kamo wasu manoma da suka kasa biya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kotuna kuma sun sha nanata cewa caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Ka faɗa masa haka cikin ladabi, a rubuce, ka nuna masa hanyar sulhu ko ta kotu. In kamfanin irin wanda ke neman lauya ne don ya tsorata talakawa da baƙar kwat, gara ka gane tun kafin ka shiga. Saboda haka kafin ka amsa, ka nemi su ba ka samfurin yarjejeniyar da suke amfani da ita yanzu ka karanta, ka tambayi wa za ka riƙa kai wa rahoto, ka kuma bincika yadda suka rabu da wanda ya riƙe kujerar kafin kai, in akwai. Takardar ɗaukar aiki ta fito da sunan muƙamin da ayyukansa ƙarara. Na sha ganin an ɗauki yaro da sunan lauyan kamfani, wata shida sai ka same shi yana bin motoci yana ƙirga buhu.

Su ma ka sanar da su tun yanzu cewa ƙa'ida ta 8 ta hana lauyan da ke karɓar albashin kamfani ya tsaya wa kamfanin a kotu. In shari'a ta taso, lauyan waje za a ɗauka, kai ka tattara masa takardu ka bi sawu. Wasu masu kamfani suna zaton in sun ɗauki lauya sun huta da biyan lauyoyi har abada, gara a warware wannan tun ba a ɓata ba.

Shekara biyu ba ta isa mutum ya zauna shi kaɗai a ofis ba wanda zai duba masa aiki ba, wannan kam gaskiya ce. Ka samu wani dattijon lauya da ya ƙware a harkar kamfani da filaye wanda za ka riƙa kai wa abin da ya shige maka duhu, ba tare da ka fallasa sirrin masu gidanka ba. Ka riƙa biyan kuɗin lasisinka kafin ƙarshen watan Maris kowace shekara, ka karɓi hatiminka, ka riƙa halartar taron reshen ƙungiyar lauyoyi. Ka karanci Dokar Kamfanoni ta 2020 har ta zauna maka, domin lauya yana cikin waɗanda ta yarda su riƙe sakataren kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari, kuma wannan kujera ce da ke kusa da inda ake yanke shawara. Ka koyi karanta lissafin kuɗi. Ka shiga cikin injin ka ga yadda ake turara shinkafa, a busar, a cashe.

Bari in ɗan ratse in yi magana da manyan lauyoyinmu, don na san suna karanta shafin nan. Yaron da iyayensa suka sayar da gona kafin ya sa rigar nan, bai dace wata ya ƙare a ce masa ya yi haƙuri ba. Cewa "mu ma haka muka taso" ba ta sayen mudun gero. Masu ƙwazo da yawa suna barin kotu ba don ba sa sonta ba, kuma jihohi irin namu, inda talaka ke kwana a gidan yari saboda rashin mai tsaya masa, su ke asara.

Sai Baba. Ina jin inda aka samu matsala shi ne ka haɗa masa maganar kamfani da ta kawu a zama ɗaya. Shi shinkafa ya ji, sai ya hango ɗansa da tiya a hannu a bakin kasuwa, inda ya yi ta faɗi-tashi don ya fitar da kai. Ka tuna kuma yau shekara biyu ana ce masa baban Barista a masallaci da wurin ɗaurin aure, mutane na kawo masa takardun sammaci da na gado ya ajiye maka sai ka zo. Abin da ke cin ransa shi ne me zai ce musu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kada ka raina ta.

Ba maganar waya ba ce. Ka je da kanka ka kwana biyu. Ka fara samun wanda Baba ke jin nauyinsa, baffanka ko liman ko amininsa, ka yi masa bayani shi kaɗai har ya gane, sannan ku shiga tare. Ka fara da ba shi haƙuri kan ɓacin ran da ya shiga. Ka gaya masa ka janye daga maganar kawu gaba ɗaya, domin jin wannan kaɗai zai sauke rabin fushinsa. Sannan ka nuna masa takardar kamfanin inda aka rubuta lauya, ka faɗa masa rigarka da hularka da lasisinka suna nan, kuma aikinka shi ne rubuta takardun da manoma irinsa ke dangwala wa yatsa. Manomi ne, ya san zafin wannan takarda fiye da ni da kai. In ya sake kawo maganar su Malami da su Turaki, kada ka yi masa gardama da sunaye, ka bar dattijon da ka zo da shi ya ba shi labarin Shinkafi da Tambuwal. Daga bakin sa'ansa zai fi shiga.

Maganar fadama kuwa, kada ka yi masa alkawari da baki. Ka ware wani abu daga albashin farko a asusu na daban, ka riƙa zubawa shiru. Ranar da ya taru ka nemi wanda ya saya, in ya ƙi sayarwa ka nemi wata a kusa, ka rubuta takardar da hannunka da sunan Baba, da shaidu da sa hannun mai gari. Ƙannenka ma suna da haƙƙi a abin da aka sayar dominka, ko da ba wanda ya furta.

In duk an yi wannan ya ce bai yarda ba, kada ka tafi a ɓoye. Ka roƙi kamfanin su ba ka wata guda, ka sake komawa, ka sa mahaifiyarka ta sa baki in tana raye. Iyaye da yawa suna cewa a'a a zaman farko don su ga ko da gaske ɗan yake. In har ya kafe, ba sai na tuna maka matsayin mahaifi a addini ba, kuma akwai hanya ta tsakiya: Ma'aikatar Shari'a tana da sashen tsara dokoki da rubuta yarjejeniyoyin gwamnati, aikin takarda ne irin wanda kake so, shi kuma Baba zai ce ɗansa lauyan gwamnati ne. Albashin ba zai kai na kamfani ba, amma wata ba zai ƙare a ce ka yi haƙuri da sunan koyon aiki ba.

Maigidanka na yanzu kuma, duk da abin da ke ranka, ka rabu da shi lafiya. Ka ba shi sanarwar wata guda, ka rubuta masa inda kowane fayil ya tsaya da ranar da aka ɗage shi, ka je har gida ka yi masa godiya. Lauyoyin Birnin Kebbi ba su da yawa, duk kun san juna, kuma ranar da kamfanin ya buƙaci wanda zai tsaya masa a kotu, mai yiwuwa ofishinsa za ka fara zuwa. Allah ya yi maka jagora, ka gaishe mini da Baba.